Ƙofar da muka buɗe wa gamsheƙa

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Maman Talatu daga Ngong.

Maigidana ya faɗaɗa ramin da ruwan tsakar gida ke fita, don karenmu Duna ya riƙa wucewa. Ashe maciji muka yi wa ƙofa! Gamsheƙa ta shigo ta nan, ta tofa wa Duna dafi a ido. Muka yi ta wanke idon da ruwa, muka garzaya wurin likitan dabbobi. Alhamdu lillahi, ya warke sarai!

Yanzu mun sa wa ramin marfin kwano, mun nome ciyawar bayan gida. Masu sauraro, akwai wata dabarar?

Ina gaida maƙwabciyata Dada Asta. Kifin Maga da ya ɓace miki jiya, ki yi haƙuri, Duna ne. Idonsa ya buɗe!