Goran Tokar Inna

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki, ya iyali? Ni ce Hadizatu daga sabon garin Maradun. Wani abu ke cin raina, ina neman shawarar masu sauraro.

Kakata Inna tana da wani jan fure mai kama da zankon zakara a ƙofar ɗakinta na tsohon gari. A wurin uwarta ta gaji irin. Duk kaka sai ta karkaɗe 'ya'yan, ta cuɗa su da toka a cikin gora saboda ƙwari.

Da ruwan dam ya tashe mu, a cinyarta ta riƙo goran nan har muka sauka. Wata rana ina miyar kuka ba kanwa, na ga gora cike da toka. Ban tambayi kowa ba, na juye na tace ruwan toka, na watsar da sauran, kaji suka tsince.

Da damina ta faɗi ta ce, "Hadiza, ɗauko mini gorana." Tsoro ya sa na ce ban gan shi ba. Sai ta ce, "To, ni ce na yar, tsufa ya kama ni." Tun ranar take zargin kanta, ga tsohon gida yana ƙarƙashin ruwa.

Jama'a, in faɗa mata gaskiya? Kuma mai irin furen nan a Bakura ko Mafara, don Allah ya taimaka. Har yau Inna tana share wurin da za ta shuka shi.