Benci a Ƙarƙashin Bishiya

A shagon kwafin takardu, wata budurwa ta ƙura wa hoton wata jami'ar ƙasar waje ido. Dattijuwar da ke bayanta a layi ta leƙo.

"Can za a tafi, 'yata?"

"In sun ɗauke ni, Mama. Kin ga bencin nan ƙarƙashin bishiya? Nan zan riƙa karatu."

"Mahaifiyarki ta gani?"

"Ba ta ma sani ba. Sa hannunta kaɗai ya rage a fom ɗin. Kwana tara ina yawo da biro."

Dattijuwar ta daɗe tana kallon bencin.

"Autana ma daga irinsa yake turo min hoto, shekara shida ke nan."

"Kin yi nadamar sa masa hannu?"

"Kullum. Amma ki kai mata biron yau."