Dajin da Gwaggo Ta Ji

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa. Ni ce mai ɗinkin nan ta bayan kasuwar Dogon Dutsi.

Shekara goma sha ɗaya ina fama da ciwon hanji. Zawo da jini, ya lafa wata biyu, ya dawo da ƙarfinsa. Ko sujada ba na iya zama har ƙarshe.

A asibitin Yamai lokotoro ya ce garkuwar jikina ce ke faɗa da hanjina, shi ya sa yake kumbura. Ya ce wanda ya daɗe da irin wannan ya fi sauran mutane kusa da ciwon daji, don haka in riƙa zuwa ana leƙa hanjin da na'ura.

Gwaggona, ƙanwar babana, 'yar ƙauyen Lugu, ita ta raka ni. Duk bayanin nan kalma ɗaya ta ji.

"Daji yac ce? To mi ya rage? Doguwar daji ta. Ita ta hau kakarki, yanzu ke taka so. A girka ki bori, ki huta."

Ba zan yi muku ƙarya ba, maganarta ta fi mini daɗi. Yanka akuya ya fi sauƙi a kan jin abin da na'ura za ta gani. Shekara uku ban koma ba. Lahadi ina waƙa a nan, Litinin ina shan jiƙon Gwaggo. Kunya ce, amma na yi.

Ranar da aka sa don girkar, muna tasha da rana tsaka, motar Lugu tana lodi. Na tsaya a bakin motar, ban shiga ba. Na ce a raina, "Yesu, Ka sani ba Doguwa nake tsoro ba, gaskiya nake tsoro. Ka riƙe ni in je in ji ta."

Na ɗauki jakata. "Gwaggo, Yamai za ni."

"Ɗiyata, in kinka ƙi ta, ba ta barin ki."

"In tana nema na, ta iske ni can."

Ta yi kuka, don tana ƙaunata. Ban juya ba.

Aka leƙa, aka ga wani tsiro, aka cire. Lokotoro ya ce bai riga ya zama daji ba, amma ya kama hanya. Halleluya!

Ban ce muku na warke ba. Har yau ina shan magani, kuma duk lokacin da suka sa mini sai na koma. Amma na daina gudu. Ciwon nan ya ci shekaruna, ba zai ci bangaskiyata ba.

Na gode wa Ubangiji da ya tare ni a tasha. Kai da aka ce ka koma a duba ka, kana ta cewa gobe, ka dogara ga Yesu ka tashi. Ba kai kaɗai za ka shiga ɗakin nan ba. Amin.