Ranar da Aka Kama Ni a Bakin Gonar Albasa

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya bar ni da rai har na tsaya gabanku yau. Fasto, dattawan ikilisiya, iyayena mata, na gode da kuka ba ni wannan fili.

Sunana Danladi. Yawancinku kun san ni, ni ne mai baƙin keken nan da ake jinginewa a gindin darbejiya ranar Lahadi. Fasto ya ce in taƙaita, kuma in faɗi abin da zai gina mutane kaɗai. Zan taƙaita. Amma da haƙarƙari a ɗaure nake tsaye a nan, don haka ba zan rage komai daga abin da ya faru ba.

A Ambursa nake zaune da matata Rifkatu da yaranmu. Aikina shara da goge-goge ne a wani ƙaramin asibiti a Nassarawa, cikin Birnin Kebbi. Dole in gama goge daɓe kafin marasa lafiya su cika benci, shi ya sa ana idar da sallar asuba a masallatai nake fito da keke.

Wanda bai taɓa bin hanyar nan a kan keke lokacin ɗari ba, ya daina cewa ya san sanyi. Iskar fadama ba ta tsayawa a fata, cikin ƙashi take shiga. Yatsu su sandare har ka rasa yadda za ka matse birki. Hanci yana zuba, ido yana hawaye, dunduniya ta tsage. Motocin da suka taso daga Argungu su wuce ka a guje, su watso maka wata iskar a kan wadda kake fama da ita. Na sha yi wa Ubangiji gunaguni a kan hanyar nan. Ina ce masa, ni kaɗai ne ban cancanci babur ba?

To, talaka da dabara yake rayuwa. Nakan sa hular sanyi mai rufe kunne, in naɗe fuska da tsohon mayafin Rifkatu, ido kaɗai ke waje. Hannu kuwa safar ƙafa nake sa masa, don ita nake da ita. Sai in ninke buhun shinkafa wofi in cusa shi cikin riga, ya tare mani ƙirji. Iska ba ta ratsa buhu. Duk wanda ya daɗe yana hawan keke da asuba ya san wannan.

Akwai wasu dattawa da ke hura wuta a gefen hanya bayan sun fito masallaci, suna jin ɗumi. Babbansu Baba Nomau ne, tsohon manomi wanda yanar ido ta rufe masa gani, ba ya gani sai inuwa-inuwa. Ba na tsayawa wurinsu, don ba ni da lokaci. Ina cikin tafiya nake ɗaga murya in ce, "Baba, ina kwana, ya ɗari?" Shi kuma ya ce, "Ɗari lokacinai na. Sauka lahiya, mai keke." Shekara da shekaru iyakar abin da ke tsakaninmu ke nan. Bai san sunana ba, bai taɓa ganin fuskata ba.

Akwai kuma wani ɗan'uwa na ɗakin sujadar nan da muke bin hanya ɗaya. Shi a kan babur yake zuwa aiki. Kullum sai ya wuce ni, ya danna mani hon, in ɗaga masa hannu.

Ranar da abin ya faru, ban kai wurin wutar dattawan ba sarƙar keke ta zame. Na sauka, na jawo keken gefe, daidai bakin wata gonar albasa, na tsuguna ina lalube a cikin duhun asuba. Ban san cewa an daɗe ana satar albasa a gonakin wurin ba. Ban san samari sun kwana a ɓoye cikin kunyoyi suna gadi ba.

Ban ji tafiyarsu ba. Sanda kawai na ji a gadon bayana.

"Ga shi nan, mun kama shi!"

Kafin in miƙe sun kai ni ƙasa. Wani ya fizge mayafin daga fuskata, ya haske ni da tocila. Ba wanda ya san ni a cikinsu. Ta yaya za su san ni, tunda ban taɓa wucewa ta nan da fuska a buɗe ba?

"Mi kaka yi nan da duhu?" in ji mai gonar, wani magidanci da idonsa ya yi ja don rashin barci.

Na ce sarƙa nake gyarawa, asibiti za ni, aiki. Yana cakumar rigata sai buhun ya faɗo.

'Yan'uwa, ku duba da idonsu. Mutum a tsugune bakin gona, fuska a rufe, safa a hannu, ga buhu wofi a ɓoye cikin riga. Duk abin da na yi don in tsira daga sanyi, shi ya zama shaida a kaina.

"Ɓarawo na," in ji mai gonar. "Sabadda kai muka kwana cikin ɗarin ga."

Duka ya sauko ta ko'ina. Na ji haƙarƙarina ya ba da sauti. Haƙorina ɗaya ya fita. Mutane suna ta ƙaruwa har suka tare titi. Sai na ji wani ya ce a kawo taya. Fetur kuwa ba sai an je nema ba, kowace gona akwai jarkar injin ban-ruwa.

Ina so ku ji wannan da kyau. Ba na fushi da manoman nan. Gumin shekararsu ake kwashewa suna kallo. Ba wanda ya tambayi addinina a cikinsu, albasarsu ce ta dame su. Sun yi kuskure, mummunan kuskure, amma ba su san ni ba.

Ana cikin haka sai ga fitilar babur. Taron ya tare hanya, dole mai babur ya tsaya. Daga ƙasa na gane shi, ɗan'uwan nan ne. Zuciyata ta yi sanyi, na ce shi ke nan, Ubangiji ya aiko da taimako. Na tattara sauran ƙarfina na kira sunansa.

Mai gonar ya haske fuskata da tocila, ya juya wurinsa ya ce, "Malam, ka san mutumin ga?"

Ya dube ni. Ba a ce duhu ne ba, haske yana kan fuskata. Ba a ce bai ji ba, sunansa na kira. Ya dubi tayar da aka mirgino, ya dubi jarka, ya sake duba na.

Ya ce, "A'a. Ni wucewa kawai nake yi."

Ya ta da babur, aka buɗa masa hanya, ya wuce.

Mutumin da muka ci tuwo a kwano ɗaya a zumuntar maza. Mutumin da Rifkatu ta wuni a gaban murhu ranar sunan ɗansa. Mutumin da muke karɓar jibin Ubangiji a layi ɗaya. Ban ce ya yi faɗa domina ba. Ban ce ya sauka ya kwanta a kaina ba. Kalma uku kawai nake nema a bakinsa, na san shi. Sandunan nan duka ba su yi mani ciwo kamar ƙarar babur ɗin nan yana nisa ba.

Tafiyarsa kuwa ta ƙara tabbatar masu. Wani ya ce, "Kun gani, har ƙarya shika yi." Aka ɗaga ni zaune, aka zura mani tayar a wuya. Na ji warin fetur.

Ba sauran wanda zan kira a duniya. Sai na rufe ido na ɗaga murya, ban damu da wanda ke ji ba. Na ce, "Ubangiji Yesu, mutum ya ce bai san ni ba, amma kai ka san ni. Kai ka san inda za ni da asubar nan. Kada ka bari Rifkatu ta zo ta tarar da toka. Ka cece ni, ya Ubangiji, ka cece ni."

Ban rufe baki ba na ji wata tsohuwar murya daga bayan taron.

"Ku dakata. Wa ka magana nan?"

Baba Nomau ne. Hayaniya ce ta taso shi daga bakin wuta, ya lalubo hanya da sandarsa. Samari suka ce masa ɓarawo ne, ya koma. Bai saurare su ba. Ya ratso su har sandarsa ta taɓa ƙafata, ya sunkuyo.

"Kai, gaishe ni," ya ce. "Gaishe ni yadda kas saba."

Bakina cike da jini, taya a wuyana, na ce, "Baba, ina kwana, ya ɗari?"

Ya miƙe tsaye. "Shi na. Mai keken asuba na. Shekara nawa shina gaishe ni bisa hanyag ga. Ku hidda abin ga daga wuyanai."

Mai gonar ya ce, "Baba, buhu hwa muka iske cikin riganai."

"Buhu? Ubanka ma da buhu ga gaba yaka tahiya birni da ɗari, tun ba ku san babur ba. Ku tambayi uwayenku."

Wasu suna ta gunaguni, mai jarka bai ajiye ba. Sai tsohon nan ya jefar da sanda, ya zauna a ƙasa kusa da ni, ya riƙe tayar da hannunsa biyu.

Ya ce, "Wanda duk ka son ƙona shi, shi hwara da ni."

Ba wanda ya sake motsi. Mai gonar da kansa ya cire tayar. Ya ɗaga keken, ya ga sarƙa tana reto, ya ga baƙin man keke a safar hannuna. Sai ya dafe kai ya tsuguna. Shi ya goya ni a babur ɗinsa har asibitin da nake aiki, wani yana riƙe da ni ta baya. Ranar wani ne ya goge jinina daga daɓen da na saba gogewa.

Yabo ya tabbata ga Ubangiji! Addu'ar da na yi da ƙarfi, ita ce tsohon ya ji. Da na yi ta a zuci, da yau sujadar jana'iza kuke yi a kaina.

Mai gonar ya zo duba ni ba sau ɗaya ba. Ya kawo kaza, ya gyara keken, ya roƙi gafara yana hawaye, na kuwa yafe masa nan take. Baba Nomau ma ya sa aka kawo shi wurina, ya shafa fuskata da hannunsa, ya ce ashe haka nake. Ranar ya fara jin sunana.

Zumuntar maza ma sun zo, Allah ya sa maku albarka. Ɗan'uwan nan yana cikinsu. Da aka tashi yin addu'a, shi aka ce ya yi. Ya kama hannuna, ya rufe ido, ya gode wa Allah da ya kuɓutar da bawansa daga hannun mugaye. Kowa ya sunkuyar da kai. Ni ban rufe ido ba, kallonsa nake yi har ya ce amin.

Da za su fita ya tsaya a baya, ya rage murya ya ce, "Danladi, ka san halin da ake ciki. Ni ma ina da yara."

Ni fa, ba ni da su?

Ku daina waige-waige. Ban faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗa ba. Ba don in kunyata shi na tsaya nan ba. Amma ba zan zo in ce Ubangiji ya cece ni daga hannun baƙi, in ɓoye abin da na gida ya yi ba. Fasto ya ce in yafe, na san gaskiya ya faɗa, ina kuma ƙoƙari. Ku yi mani addu'a, don har yanzu idan na ji babur ɗinsa ya shigo harabar nan, kau da kai nake yi.

Na gode wa Ubangiji Yesu da ya ji ni a lokacin da ba mai ji na. Na gode masa don ran da ya mayar mani, don Rifkatu da ba ta zama gwauruwa ba, don yarana da suke da uba. Na gode masa don tsohon da ba ya gani, wanda ya zauna a ƙasa ya riƙe taya. Duk wanda ke cikin matsi a ɗakin nan, ka dogara ga Ubangiji, ka kira shi da ƙarfi. Ba ya taɓa cewa wucewa yake yi.

Likita ya ce nan gaba kaɗan zan iya komawa kan keke. Ɗari bai wuce ba, hanyar kuma ita ce dai. Ba na roƙon kowa ya ɗauke ni a babur. Amma idan wata rana kuka tarar da ni, ko wani na ɗakin nan, a ƙasa a tsakiyar mutane, aka tambaye ku, ku ce kun san shi.

A cikin sunan Yesu. Amin.