Kuncin da Ba Ya Ji

A ɗakin jiran likitan jijiya, wani direba ya daɗe yana juya takardar amincewa da tiyata, ya kasa sa hannu. Dattijuwar da ke gefensa ta dube shi.

"Ɗana, haƙori nawa aka cire maka kafin a gane jijiyar fuska ce?"

"Huɗu, Mama," ya ce, da ƙyar yake motsa baki. "Duk lafiyayyu."

"Ni shida. Ka yarda kawai. Tunda aka yi min aikin, zugin nan mai fizga kamar lantarki bai dawo ba."

"To, me ya kawo ki yau?"

Sai ya lura miyau na gangarowa ta gefen bakinta, ba ta ma sani ba.

"Ɓarin nan ya mutu," ta ce. "Jikata kan shafa min kunci, sai dai in gani da ido."

"Shi ne kike cewa in yarda?"

"Kai mai ji, yaushe rabon da 'ya'yanka su taɓa maka fuska?"

Ya sunkuyar da kai. "Jiya ƙaramar ta miƙo hannu, na buge shi don tsoron zugin. Shekararta biyu."

Aka kira lambarsa.

"Mama, ara min biro."