Na'urar Barcin Maigidana Ta Tafi Aro Kwadon

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa. Maman Sadiya ce daga Herwagana, raina a ɓace.

Numfashin maigidana yana ɗaukewa cikin barci. Likita ya ba shi na'ura mai hura masa iska ta hanci, ya saita ƙarfinta daidai da shi. Minshari ya tafi, gyangyaɗi a kan babur ya ƙare.

Sai yayansa na Kwadon ya ce, "Ara mini, ni ma ina minshari." Wai kunya ta hana shi cewa a'a! Na ce, "Baban Sadiya, tukunyar biki ce?"

Ta dawo an murɗe saitin, robar hancin ta saki. Jiya kuma ƙaninsa ya aiko.

Jama'a, yaya ake hana dangin miji aron numfashi?