A Bar Kututturen Nan Yadda Yake Kwance

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranki ya daɗe shugabar kwamitin wannan gidan kallon kifi, kuma shugabar wannan zama. 'Yan kwamiti masu girma da ke damarta da hagunta. Injiniya, wanda ya zana sabon tsarin da za a ɗaga wa hannu yau. Likita, mai duba lafiyar kifayenmu. Malaman makaranta da suka saba kawo mana ɗalibai. Abokan aikina masu goge gilashi da masu wanke injin tace ruwa. Da ku jama'ar gari da kuka rufe shagunanku kuka zo kuka tsaya: ina gaishe ku, gaisuwar girma da ban-girma.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan safiya. Ina godiya ga shugaba da ta ce a ba tsohon nan lasifika kafin a yanke hukunci, ni da hannuna ya fi sabawa da igiyar komar kamun kifi. An ba ni minti goma. In na zarce, a yi mini uzurin tsufa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai kula da tanki na uku, wannan da ke bayana. Shekara talatin na yi ina su kafin in zo nan, shekara tara ke nan ina wannan aiki. Abin da ke gabanmu kuwa kowa ya ji shi. Nan da mako biyu gidan nan zai yi bikin cika shekara ashirin, kuma ana so kafin ranar a kwashe baƙin yashin da ke cikin tankin nan a zuba fari, a tayar da kututturen nan tsaye, a ƙara fitilu, domin baƙi su ga abin kallo. Na karanta littafin koke-koke. Wani bawan Allah ya rubuta cewa: “Na yanki tikiti na zo na kalli icen girki a cikin ruwan shayi.” Wallahi na yi dariya, don bai yi ƙarya ba. Amma ina da magana huɗu, kuma ba ta dariya ba ce.

Magana ta farko, mene ne a cikin tankin nan? Kifi biyu ne, namiji da tamace, irin wanda mu masunta muke kira mai-kunya, saboda ba ya fitowa fili sai dole. Ina yaro, a kogin da aka haife ni a bakinsa, jifa ɗaya na koma kan kamo goma. Yau shekara bakwai ke nan, Likita ta tambaya, ni ma na tambaya, daga masu kwalekwale har masu kasa kifi a kasuwa, ba wanda ya sake ganin ko guda. In akwai sauransu a wani wuri, Allah ne ya sani. Wanda mu muka sani, biyun nan ne.

Magana ta biyu ita ce ta ice, kuma ita ce mai nauyi a bakina, don laifina ke cikinta. Jama'a kan ɗora wa masu haƙar yashi da masu zubar da dagwalo alhakin mutuwar kogin nan, kuma suna da nasu kason. Amma ni da yayana, Allah ya ji ƙansa, da sauran masunta, mu ma mun yi namu da hannunmu. Itatuwan da ambaliya ke kawowa su nutse su kwanta a gindin ruwa suna yayyaga mana koma. Sai muka yi shawara, muka haɗa ƙarfi, muka ɗaura igiyoyi, muka yi rani biyu muna jawo su waje ɗaya bayan ɗaya, muna waƙa, muna murna, muna cewa mun share kogi. Shekarar farko muka kama kifi kamar ba gobe, don ba shi da wurin ɓuya. Shekara ta uku muka fara komawa gida da kwando wayam. Yayana yana kwance a ciwonsa na ajali ya riƙe hannuna ya ce: “Ƙanena, ba kamun ne ya ƙarar da su ba. Ɗakinsu muka rushe, sannan muka tsaya muna mamakin ba su haihuwa.”

Kututturen nan da kuke gani, cikin waɗanda muka jawo ne. Na koma na same shi a yashe a gaɓa, na kawo shi nan, na jiƙa shi wata biyar ina sauya masa ruwa har ya daina tasowa sama. Ban kwantar da shi haka don rashin ido ba. Na kwantar da shi yadda ruwa ke kwantar da ice: saiwa tana fuskantar inda famfo ke turo ruwa, jiki ya miƙe baya, domin ruwa ya bugi saiwa ya rabu biyu, ya bar wani ɗan lungu mai sanyi da duhu a ƙarƙashi. A kan dandaryar tanki na zaunar da shi kafin in zuba yashi, don kifin nan mai tono ne, in ka ɗora ice a kan yashi zai tone ƙarƙashinsa ya faɗo masa a ka. Launin shayin nan kuma daga jikin icen yake fitowa, kuma shi ne launin ruwan da aka haife su a ciki.

Magana ta uku ita ce ta yashi. Injiniya, ɗana, zanenka yana da kyau, ban raina iliminka ba, kuma na san ba ka nufin sharri. Amma abin da ka zana a takarda, ni na taɓa yin sa a ruwa. Kifin nan guda shida na kawo gidan nan. Shekara huɗu da suka wuce, manajan wancan lokaci ya kira ni ofis ya ce: “Baba, tankinka kamar maƙabarta yake, a ɗan haska shi mana.” Na ce to. Ban yi gardama ba, don ina tsoron rasa aikina. Da hannuna na kwashe baƙin yashi, da hannuna na zuba fari tas, da hannuna na tayar da ice tsaye kamar turken tuta. Kai, ranar tankin ya yi kyau! Mutane suka yi ta ɗaukar hoto.

Haske ya sauko daga sama, farin yashi ya mayar da shi daga ƙasa, kifin da bai taɓa zama a fili ba ya rasa inda zai sa kansa. Suka daina ci. Suka koma kusurwa suna goga baki a gilashi, suna gogawa, suna gogawa, har leɓensu ya saɓule ya yi fari. Cikin kwana goma sha ɗaya na tsamo gawa uku da wannan hannun. Na mayar da komai yadda yake ba tare da na nemi izinin kowa ba, amma na makara. Na huɗu tsufa ya ɗauke shi bara. Sau biyu ke nan ina rushe wa halittar nan ɗaki, sau ɗaya a kogi, sau ɗaya a nan, kuma duka biyun ina ganin gyara nake yi.

Magana ta huɗu, ban so in faɗe ta ba. Ni da Likita muka ɓoye ta, don muna tsoron in ta fita a cika nan da wayoyi ana haska gilashi. Ranki ya daɗe, ki yafe mana, yau ta zama dole. Kwana biyar da suka wuce, da safe ina goge gilashi, na ga ɗan tudun yashi sabo a gindin saiwa, kamar wanda aka turo daga ciki. Na ajiye tsumma, na kwanta rub da ciki a kan simintin nan, na manna kuncina a ƙasa na leƙa. Ga tamacen can cikin duhu, ta tsaya wuri ɗaya, tana kaɗa wutsiya a hankali a kan wani rami. Na aika a kira Likita. Ta zo da farar rigarta, ita ma ta kwanta kusa da ni. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce: “Baba, ƙwai ne.” Na ce: “'Yata, rage murya.” Sai na ga idonta ya kawo ruwa, nawa kuwa tuni ya zubo.

Shekara tara ina jira. Likita ta ce uwar ta tsufa, da wuya ta sake yi. Ni kuma na san halinsu tun a kogi: in aka motsa mata ice, in haske ya shiga ramin, da bakinta za ta haɗiye ƙwan nan duka cikin yini ɗaya. Ba zan yi muku alkawarin za su ƙyanƙyashe ba. Wataƙila su ruɓe, wataƙila su fito su mutu, wannan na Allah ne. Abin da na tabbata shi ne, in aka taɓa icen nan a makon nan, to an gama.

Saboda haka ga roƙona. Ku ba ni kwana arba'in. Kada a taɓa ice, kada a taɓa yashi, kada a ƙara fitila ko ɗaya. Ranar biki a kai baƙi tanki na ɗaya da na biyu, akwai masu launi da ke son a kalle su. In wani babban baƙo ya tsaya nan ya ce bai ga komai ba, a turo shi wurina, ni zan ɗauki kunyar. Ku juya ku duba bayana. Ice kuke gani, da baƙin yashi, da ruwa mai duhu. Haka kogin yake lokacin da yake cike da kifi. Ranar da muka fara hango gindinsa fes, babu sauran abin da ke cikinsa.

In kuwa hannuwa suka tashi a ɗaya ɓangaren, ba zan yi tawaye ba, ba zan ajiye aiki ba, ba kuma zan bari wani ya shiga tankin nan ba, don baƙon hannu zai iya danne uwar da icen. Ni zan tuɓe takalmi in shiga, ni zan ɗaga shi, karo na uku. Abu ɗaya kawai zan nema: duk wanda ya ɗaga hannu yau, ya zo ranar ya tsaya a gaban gilashin nan, kada ya kau da kai, har ta gama cinye ƙwanta.

Allah ya ba shugabanninmu basirar yanke abin da ba za su yi nadamarsa ba. Allah ya ji ƙan yayana da duk magabatanmu, ya yafe mana ɓarnar da muka yi da saninmu da wadda muka yi muna zaton gyara ce. Allah ya raya abin da ke ƙarƙashin icen nan, ya nuna wa jikokinmu shi da idonsu. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya iske iyalinsa lafiya.

Ranki ya daɗe, na zarce minti goma. Ga lasifikarku.

Na gode.